Shafi Uku

A Rijiyar Ɗorowa rumfata take,
kwano huɗu, benci guda, da zarto.
Nan Malama Luba tat tarad da ni,
mai amalanke na biye da ita,
teburi kife, ƙafafu sama
kamar akuyar da za a kai Kara.

Tac ce, "Haliru, na maigida ne.
Shekara talatin yana gyaran jarrabawa bisansa.
Gara ta fara lasar ƙafa guda.
Ka tsare min shi."

Nic ce, "Akwai fenti, ruwan ƙasa, ruwan toka,
ya rufe komi, ya koma sabo."
Tad dube ni kamar na faɗi a aji.
"Sabo na nan cike da kasuwa.
Wanga nika so, da fuskarsa."

To, banish ke nan,
man da ba ya rufa wa kowa asiri.

Ni da Cika munka hau shi da samfefa,
mai kaushi tukuna, sannan mai laushi,
muna bin jijiyar itace.
Ba a gitta mata;
wanda yag gitta, da tabon zai tsufa.
Tsohon dauɗa yat tashi gari-gari,
maɗaci yaf fito ja kamar an ɓare goro.

Sai ga su nan, ɗaya bayan ɗaya:
zoben da kofin shayi yab bari,
ƙunar fitilar ƙwai can kusurwa,
jan tawada da taz zube wani dare,
da ɗan kwari, sumul, gefen dama,
inda gwiwar hannu ta ci katako.
Cika yad danna zai baje wurin.
Nir riƙe hannunsa.
"Bari, yaro. Don wannan anka kawo shi."

Zafin Sakkwato ba ya jiran buroshi.
In hantsi ya ɗaga, mai na kamewa kan a ja shi,
ya yi ƙuraje, ya yi saɓa.
Saboda haka daga sallar asuba sai rumfa.
Mu yayyafa wa ƙasa ruwa ta natsu,
mu rataya buhu a ƙofa.

Shafin farko tsararo ne, an sirka da tina.
Katako yas sha kamar mai buɗa baki,
ko ƙyalli bai bari ba.
Munka bar shi kwana.

Shafi na biyu, ina cire hannu,
ƙuda yaz zo daga wajen mai tsire
yas sauka tsakiya kamar an gayyace shi.
Cika yak kai yatsa, nid daka mai tsawa.
Gyaran ɗanye ɓarna biyu ne.
A bari ya bushe, a goge, a sake;
haƙuri ma kayan aiki ne,
ba a dai saida shi a shago.

Na uku na yi shi numfashi riƙe,
ja ɗaya daga baki zuwa baki,
ba komawa, ba waiwaye.
Da rana tat leƙo ta hudar kwano
sai ga jijiyoyi na gudana ƙarƙashin mai
kamar gulbin Rima bayan ruwan farko,
zobe da ƙuna da tawada
na kwance a ƙasa, ana ganinsu, ba a taɓa su.

Ran Laraba tad dawo.
Ba tac ce ya yi kyau ba.
Taj jawo benci taz zauna,
tas sa gwiwar hannunta cikin kwarin nan.
Ya yi mata yawa kaɗan.
Tad daɗe haka.
Sannan: "Warin ga, yaushe zai fita?"
Nic ce, "Kwana bakwai."
"To. Jikata na da jarrabawa bayan Salla."

Abu guda ban faɗa mata ba:
ƙafar ƙudan nan, siririya kamar wasali,
ta tsere wa samfefa,
tana nan kusa da jan tawada.
Malam ya bar nasa tabo.
Wannan nawa ne.